Shekarar da Shamuwa Ta Makara

Juma'a, 16 ga Mayu, da hantsi

Wannan littafin na lambu ne. Tun da na ajiye aikin koyarwa, shekara bakwai ke nan, a cikinsa nake rubuta ranar da zogale ya yi toho, da ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan katanga, da ranar ruwan farko. Ban taɓa sa maganar mutane a ciki ba. Yau na buɗe shi ne don na rasa abin da zan yi da hannuna.

Bara shamuwa ta zo ranar ashirin da takwas ga Afrilu. Bana har yau babu komai a kan tsamiya sai tsohuwar sheƙa.

Jiya ce ranar da ya kamata gidan nan ya cika da mutane. Tun Litinin aka kawo kujeru. Malam ya sa an mayar da su ranar Laraba da sassafe, a hankali, don kada Auta ta ji ƙararsu. Manyan tukwanen da na aro sun koma gidan Yelwa maƙwabciyata. Rago ne kawai ya rage. Haris, mijin Auta, shi ya kawo shi daga Kafin Hausa ranar Lahadi, fari mai baƙin kunne, ya ɗaure shi a gindin lemon tsami yana ta fara'a. Babu wanda ya iya yi masa maganar ragon, shi ma bai ɗago ta ba.

Auta tana ɗakina, fuskarta a bango. Haihuwar fari ce, shi ya sa ta dawo gida tun cikin yana wata takwas.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan Azahar

Babu hadari. Ta sha kunu rabin kofi.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan La'asar

Wanka dai ba a fasa shi. Safe da yamma ina dafa ruwa a babbar tukunya, in sa ganyen darbejiya, in kai banɗaki. Tana zama ta bar ni in yi mata kamar tana 'yar shekara uku. Ba ta cewa ruwan ya yi zafi, ba ta cewa ya huce. Na ɗaure mata ƙirji da zane yadda Yelwa ta ce, amma kafin hantsi gaban rigarta ya jiƙe. Na canja mata wata. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Rijiya ta ja baya, sai da na ƙara wa guga igiya gaba biyu. Ruwan wankan da ya rage a tukunya nake bari ya huce, in raba wa lemo da gwanda. Ɗoɗɗoya ta riga ta mutu. Lalle ya zubar da rabin ganyensa. Zogale biyar ɗin da na sassare tun watan Maris suna nan tsaye kamar turaku, ko alamar toho babu. Irin kuɓewa da yakuwa da rama suna cikin kwalba da toka a kan taga, suna jira.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Haris ya zo a kan babur da damin harawa a baya. Ya zauna da Malam a zaure. Da ya shigo gaishe ni ya durƙusa nesa, ya ce, "Inna, yaya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na shiga na gaya mata ya zo. Ta girgiza kai kawai.

Da na fito na faɗa masa tana barci. Ya san ba barci take ba. Ya tambaya ko zai iya zama a gindin lemo ya ba rago abinci, na ce gidansu ne. Tagar ɗakina tana kallon lemon. Ya fi awa guda a wurin, yana cire wa rago ƙaya a jiki, bai ɗaga kai ya dubi tagar ba ko sau ɗaya. Labulen ma bai motsa ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

Babu hadari. Babu shamuwa. Loma huɗu ta tuwo.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Yelwa ta shigo da dambun zogale na busasshen ganye. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya jiran zuciyarta. Ta zauna a bakin gado tana lissafa wa Auta matan unguwa da abin ya same su, daga baya kuma suka haifi takwas, suka haifi tara. Ta ce ai Auta yarinya ce, gaba ta fi baya yawa. Auta ta ja zane ta rufe kanta.

Na raka Yelwa zaure na ba ta jakar nan mai ruwan hoda da ke kan kwaba, na ce ta ajiye mini a wurinta. Ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Ta rungume ta a ƙirji ta fita, a nan ne na ga ita ma idonta ya kawo ruwa.

Lahadi, 25 ga Mayu, gab da Magariba

Gabas ta yi baƙi tun La'asar. Na kwashe shanya, na jera bokitai a ƙarƙashin indararo, Malam ya dawo daga fadama da sauri. Iska ta taso ta karya wa gwanda ganye biyu, ta watsa mana ɗigo da bai fi a ƙirga ba, ta wuce yamma da abinta. Ƙasa ko ƙamshi ba ta yi ba.

Malam ya ce gawon da ke bakin gonarsa har yanzu ganyensa shar, bai fara kaɗewa ba, kuma gawo ba ya sakin ganye sai damina ta tsaya da ƙafarta. Ya ce kogi ya tsuke, masunta sai su yini su dawo da abin da bai cika kwano ba. Na bar bokitan a inda suke.

Talata, 27 ga Mayu, bayan Asuba

Sati biyu yau.

Toho. A zogale na biyu daga rijiya, ƙananan idanu uku, ja-ja, kamar kan ashana. Na tsuguna na daɗe ina kallonsu. Na so in shiga in gaya mata, na tsaya a bakin ƙofa na fasa.

Alhamis, 29 ga Mayu, da Azahar

Duka biyar ɗin sun tsiro. Na fari ganyensa ya buɗe kamar tafin hannun...

Ya buɗe dai.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan La'asar

Abin kunya na yi yau, gara in rubuta shi yadda yake.

Ina kicin ina tankaɗe sai na ji shiru ya yi yawa a tsakar gida. Da na leƙa, rago ya tsinke igiya. Ya bi zogalen nan ɗaya bayan ɗaya ya cinye tohon tas, har ɓawon ya ɓare, yana kan na ƙarshe. Ban san sanda na ɗauki muciya ba. Na bi shi ina duka, yana zagaye rijiya ina zagayawa, ina faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa ɗalibi ba a shekara talatin. Can na yar da muciyar. Na zauna a ƙasa cikin rana, kukan da ban yi ba ranar Talatar nan, ban yi ba ranar da mata suka cika ɗakin, shi ya zo mini a kan ganyen miya.

Ban ji fitowarta ba. Inuwarta na gani. Ta wuce ni a hankali, tana dafa bango, ta kama guntun igiyar, ta ja ragon zuwa gindin lemo ta ƙulla. Sannan ta ɗebo ruwa a randa ta miƙo mini.

Ta ce, "Inna, tashi. Ƙasa da zafi."

Muryarta ta dishe. Kwana goma sha takwas rabona da ita.

Lahadi, 1 ga Yuni, da safe

Ta ci ƙosai biyu. Ta zauna a bakin ƙofa har rana ta iso ƙafarta.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan Azahar

Akwai abin da nake kewayewa tun shafin farko.

Ranar Talatar, da hantsi, ita ce ta fara cewa ba ta son yadda numfashin jaririyar yake fita. Ni ce na ce zafin gari ne. Na haifi shida na raini shida, na ce na san zafin bazara idan na gan shi. Na ce kada a fita da ɗanyen jiki cikin wannan ranar, a bari ta yi sanyi. Na jiƙa zane na rataya a taga. Ta sake faɗa da Azahar. Sai bayan La'asar muka tari adaidaita.

Malam ya ce likita ya gaya musu, shi da Haris, cewa da abin aka zo duniya, a zuciya yake, ko da asuba aka kai ba lalle ne a iya komai ba. Sau uku yana maimaita mini. Ina jin sa. Amma "ba lalle ba" ɗin nan ita ke kwana da ni, ita ke tashi da ni.

Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Da ma ta faɗa.

Laraba, 4 ga Yuni, da yamma

Tun ranar Asabar ita ke ba rago dusa. Ba ta ce za ta riƙa yi ba, kawai na ga kwanon a hannunta.

Jibi Sallah. Malam ya yi wa Haris magana a zaure, ya ce tun da abin da aka sayo shi dominsa bai yiwu ba, ya yi layya da shi. Haris ya ce sai abin da ita ta ce. Ni aka aika. Ta ce ya yi, amma ba a gidan nan ba.

Da ya zo ɗaukarsa tana zaune a bakin ƙofa, ba ta tashi ta shige ba. Ya gaishe ta kamar baƙuwa, ta amsa kamar baƙuwa. Ya kayar da ragon yana ɗaure masa ƙafafu don ɗorawa a babur, ya ja igiyar da ƙarfi. Sai na ji ta ce, "Ka sassauta masa. Hanyar da nisa."

Ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ƙulli ke buƙata. Na shige kicin na ba su wuri.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, bayan La'asar

Zafi har an kasa cin nama. 'Yan yawon Sallah sun zo, na tsayar da su a zaure. Ta sa sabon zane saboda babanta ya roƙe ta, ta cire shi da Azahar.

Gindin lemo ya yi fili. Sai turke.

Lahadi, 8 ga Yuni, da hantsi

Ta tambaye ni ina jakar.

Na ce na ajiye ta a wani wuri don kada ta riƙa gani. Ta ce, ba da faɗa ba, "Kowa sai kwashewa yake. Shi ma ya ce ya kwashe komai a ɗakinmu. Wa ya ce muku ina so a kwashe?"

Na je gidan Yelwa na karɓo. Ta shiga da ita ɗaki ta saki labule. Na zauna a gindin rijiya ina jin ta, ban shiga ba. Wannan kukan daban yake da shirun da ta yi, na fi son sa. Da ta fito ta ci tuwo har ta nemi ƙarin miya.

Talata, 10 ga Yuni, da safe

An fita roƙon ruwa a filin idi. Malam ya dawo ƙafarsa duk ta yi fari. Babu hadari.

Laraba, 11 ga Yuni, bayan Asuba

Shamuwa. Biyu. Ita ce ta gan su, ba ni ba. Ina jan ruwa ta ce, "Inna, baƙinki sun zo." Suna tsaye a kan tsohuwar sheƙar suna duba ta kamar masu gida da suka dawo daga tafiya suka tarar da yoyo. Ɗaya ta tafi ta dawo da kara a baki.

Kwana arba'in da huɗu suka ƙara a kan bara. Na ƙirga sau biyu.

Juma'a, 13 ga Yuni, da yamma

Zogalen da rago ya cinye sun sake fitowa, ta ƙasan inda ya ɓare, kowanne ido biyar ko shida. Ita ta zagaye su da ƙaya ko da yake babu sauran abin da zai ci su. Lemo ya fitar da 'yan ganye masu sheƙi a ƙarshen rassa. Tururuwa sun yi layi daga gindin katanga zuwa rumbu, kowace da farin abu a baki. Iska ta juya, da safe daga kudu take zuwa, da ɗan laushi a jikinta.

An ce an yi ruwa a Kaugama ranar Laraba, har an yi shuka. Malam ya kasa haƙuri, ya je ya yi binne a gonar tudu, ya zuba gero a busasshiyar ƙasa ya rufe. Na ce idan ruwan ya ƙara sati biyu fa? Ya ce to tsuntsaye sun samu.

Haris yana zuwa kusan kullum yanzu. Babu rago, amma a gindin lemo suke zama, shi a kan turmi, ita a tabarma. Jiya ya kawo gasasshiyar tarwaɗa, na ga tana cire masa ƙaya tana tura masa tsokar gabansa.

Lahadi, 15 ga Yuni, da Azahar

Mahaifiyar Haris ta aiko da turmin atamfa da gaisuwa, ta ce idan an yi arba'in ɗakin Auta yana jiranta, amma ba ta matsa ba. Auta ta ce mini tana tsoron ƙofar ɗakin. Na ce ta zauna nan har sanda ta ga dama. Da na faɗa sai na ji ban sani ba ko dominta na faɗa ko domin kaina.

Talata, 17 ga Yuni, bayan La'asar

Wankan ƙarshe. Na wanke babbar tukunya na kife. Yelwa ta zo ta yi mata kitso, wannan karon bakinta a rufe, sai da ta gama ta ce gashin ya zube amma zai dawo. Auta ta ce ta sani.

Alhamis, 19 ga Yuni, gab da Magariba

Ruwa.

Ya fara da La'asar sakaliya, babu iska, babu hayaniya, kamar mai jin kunyar daɗewar da ya yi. Sannan ya tsuge. Bokitai sun cika sun tumbatsa. Malam ya tsaya a ƙofar zaure ruwa na dukan kafaɗarsa yana ta hamdala. Mu biyu muna bakin ƙofar ɗaki, ƙafafunmu a waje. Kafin a kira sallah kwaɗi sun fara daga kududdufin bayan gida, ban san inda suka ɓoye duk watannin nan ba.

Juma'a, 20 ga Yuni, da hantsi

Mun yi shuka da sassafe, ƙasa ta jiƙu har tsawon yatsa da rabi. Ni ina sara da fartanya, ita tana bina da kwalba tana zuba iri tana rufewa da diddige. Kuɓewa layi huɗu, yakuwa uku, rama a bakin katanga.

Muna layi na uku na tsaya. Ban shirya ba. Bayana na ba ta, na ce ranar nan ta faɗa mini tun da hantsi, ta sake faɗa da Azahar, ni na hana. Na ce ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba.

Ta rufe ramin da ke gabanta da diddige. Sannan ta ce ta yi fushi da ni, ba za ta ɓoye ba. Ta ce kwanakin farko ko muryata ba ta son ji, kuma ta fi fushi da kanta da ta zauna ta saurare ni. Ta ce ba ta san ranar da abin ya sake ta ba, wataƙila bai gama sakinta ba, amma kullum sau biyu hannuna ne a bayanta da ruwan zafi, ta rasa yadda za ta ci gaba da riƙe shi.

Na ɗaga fartanya zan ci gaba, sai ta ce, "Inna, ba ki taɓa tambayar sunanta ba."

Ban taɓa ba. Na san Haris ya yi huɗuba ranar da aka haihu, ya ce ba zai faɗa ba sai ranar suna. Bayan nan ban ga ina da bakin tambaya ba.

Ta ce, "Sunanki ne. Tun cikin yana wata biyar muka yanke."

Na tambayi Malam da ya dawo ko ya sani. Ya ce ya sani tun a maƙabarta. Ya ce sau da yawa ya buɗe baki zai gaya mini, sai ya dubi fuskata ya fasa.

Mun ƙarasa layin. Ban san yadda muka ƙarasa ba, amma na duba ɗazu, a miƙe yake.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan Azahar

Ta tafi da hantsi. Haris ya zo da motar abokinsa don kada babur ya girgiza ta. Jakar tana kan cinyarta. Ta ce za ta zo ranar Juma'a ta ga ko kuɓewa ta fito, idan kuma ɗakin ya gagare ta za ta dawo kafin nan. Na ce to. Na tsinko mata sabon zogale, bai fi cikin hannu ba, na ƙulle a bakin mayafinta.

Na share ɗakin, na mayar da filona inda yake. Malam yana gona. Gabas ta fara haɗa wani hadarin.

Saura abu ɗaya ban rubuta ba.

Ummussalma Haris. An haife ta Alhamis, takwas ga Mayu, da hantsi. Tana da gashi mai yawa da dogayen yatsu irin na babana. Kwana shida ta yi tare da mu.